Tambaya da Amsa: Limfosayit, Kaluluwa da Garkuwar Jiki

Tambaya: Assalamu alaikum likitoci. Zazzaɓi da mura sun kwantar da ni kwana biyar, sai na yi gwajin jini. A takardar an ja layi a ƙarƙashin LYM, an rubuta kashi 48 cikin ɗari, jimillar fararen ƙwayoyin jini kuma 5,200. Wata ta ce mini alamar sankarar jini ce. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, mu yi lissafin tare. LYM taƙaitaccen sunan limfosayit ne, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Kashi 48 cikin ɗari na 5,200 shi ne 2,496. Wannan ne ainihin adadin limfosayit ɗinki a maikirolita ɗaya na jini, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita. A jikin baligi, abin da ake ɗauka daidai yana tsakanin 1,000 da wajen 4,000, wasu ɗakunan gwaji kan kai iyakar 4,800. Kenan naki yana tsakiya. An ja layin ne domin galibi limfosayit kashi 20 zuwa 40 ne na fararen ƙwayoyin jini. Amma kaso yana iya hawa ba don su sun ƙaru ba, sai don 'yan uwansu niyutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jinin, sun ɗan ja baya, kuma hakan na yawan faruwa a cututtukan bairos. Shi ya sa likita ke duba adadi kafin kaso.

Limfosayit iri uku ne, duk asalinsu daga ɓargo. Ƙwayoyin B a ɓargon suke ƙosawa, su ne ke ƙera antibodi, makamin da ke manne wa ƙwayar cuta ya hana ta sakat. Ƙwayoyin T kuwa sai sun wuce makaranta, wata 'yar gaɓa a bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, wadda Jacques Miller ya gano aikinta a 1961. A can ake tantance su, ana hallaka duk wadda ta nuna za ta kai wa jikin mai ita hari, kuma mafi yawansu ba sa fitowa da rai. Cikin masu fitowa akwai CD8 masu kashe ƙwayar jikin da bairos ya shiga, da CD4 masu ba sauran umarni. Waɗannan CD4 su ne ƙwayar cutar ƙanjamau ke ci: mai lafiya yana da 500 zuwa 1,500, idan suka gaza 200 sai cututtukan da da ba su isa su taɓa mutum ba su samu ƙofa. Na ukun su ne NK, masu kai farmaki nan take ba tare da sun taɓa haɗuwa da abokin gaba ba.

Wani abu da ba kasafai ake faɗa wa marasa lafiya ba: wajen kashi 2 cikin ɗari kacal na limfosayit ne ke cikin jini a kowane lokaci. Galibin sauran suna kaluluwa, saifa da bangon hanji. Gwajin jini ƙidayar masu wucewa ce a kan hanya, shi ya sa adadin ke hawa da sauka.

Ki maimaita gwajin bayan mako huɗu zuwa shida. Inda muke tsayawa mu bincika shi ne idan adadin ya wuce 5,000 ya kuma zauna haka watanni, musamman ga dattijo, ko ya zo tare da ƙarancin jini, rama, ko fitar jini ba dalili. A nan akan shafa jinin a gilashi a duba siffar ƙwayoyin da madubin likita.

Tambaya: Ɗana mai shekara huɗu ya yi ciwon maƙogwaro, sai wani ƙullutu kamar ƙwayar wake ya fito masa a gefen wuya. Ciwon ya warke mako biyu ke nan, ƙullutun bai ɓace ba. In riƙa murza shi?

Amsa: A'a Malam, kada a murza, kada a tsaga. Kaluluwa ce, kuma aikinta take yi. Jiki na da ɗaruruwansu, a wuya, hamata, matsematsi da cikin ƙirji da ciki. Ruwan da ke tsatsowa daga sassan jiki yana bi ta cikinsu ɗauke da ɓurɓushin ƙwayar cuta. Cikin miliyoyin limfosayit, 'yan ƙalilan ne suka dace da wannan cutar. Da zarar sun haɗu da ita sai su shiga rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har su cika wurin. Wannan cikar ita ce kumburin da hannunka ya taɓa. Aikin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu a karon farko, sannan a bar wasu ƙwayoyi masu riƙe kamannin cutar shekara da shekaru. A kan wannan aka gina allurar rigakafi. Nan ne ma ƙyanda take ɓarnar da mutane ba su lura da ita: tana kashe waɗannan masu tunin, yaro ya warke amma ya rasa wani ɓangare na kariyar da ya tara daga wasu cututtuka.

Kaluluwa mai taushi, mai motsi a ƙarƙashin yatsa, wadda ba ta wuce santimita 1 ba, takan ɗauki makonni kafin ta saɓe. A kai shi asibiti idan ta kai santimita 2 ko tana ƙara girma, ta yi tauri ta kafe wuri guda, ta fito a saman ƙashin wuya, ta wuce mako shida, ko aka ga zazzaɓi mai naci, gumin dare da rama. Tarin fuka na kama kaluluwa, haka ma sankarar da ake kira limfoma, kuma ba a rarrabe su da ido sai an ciri ɗan nama an gwada. Muna roƙo da babbar murya: kada a ba shi magungunan rage kumburi irin su prednisolone ko dexamethasone kafin gwajin. Suna narkar da limfosayit, ƙullutun ya ragu na ɗan lokaci, sakamako ya rikice, magani ya makara.

Tambaya: An ce mahaifiyata tana da amosanin gaɓɓai na garkuwar jiki, yatsunta na kumbura su sandare da safe. Shin garkuwarta ce ta yi rauni? In nemo mata maganin ƙara garkuwa?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Garkuwarta ba rauni ta yi ba, saiti ta ɓata. Wasu ƙwayoyin T da B sun ɗauki fatar da ke shimfiɗe cikin gaɓa a matsayin baƙo, suna sakin sinadaran da ke kiran sauran fararen ƙwayoyi, jini ya taru, gaɓa ta yi zafi ta kumbura, a hankali guringuntsi da ƙashi su zaizaye. Irin wannan kuskuren ne ke jawo ciwon sukari nau'i na ɗaya, inda ƙwayoyin T ke kashe masu samar da insulin. Don haka maganinta na lafar da garkuwa ne, kamar methotrexate, wanda sau ɗaya ake sha a mako. Shan sa kullum kuskure ne mai iya kisa. Kafin a fara magunguna masu ƙarfi irin waɗannan akan yi gwajin tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, sannan a riƙa duba jini da hanta a kai a kai. Idan ta daɗe tana shan prednisolone, kada ta yanke shi rana ɗaya, likita ne zai rage mata sannu a hankali. Duk ranar da ta yi zazzaɓi tana kan waɗannan magunguna, a kai ta asibiti a ranar.