Tambayi Anti: "Sista ta ce wai ba ni da tausayi"

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni ɗalibar koyon aikin nas ce daga Aboabo nan Kumasi, ina shekara ta biyu. A aji ba ni da matsala, allura, awon jini, wankin ciwo duk hannuna ya faɗa, amma da mun shiga wodi sai bakina ya mutu. Kwanaki aka faɗa wa wata tsohuwa za a yanke mata ƙafa saboda ciwon suga, ta riƙe hannuna tana ta kuka, ni ko na tsaya ina kallon ledar ruwan da ake ƙara mata, ƙarshe ce mata na yi lokacin magani ya yi. Sistar da ke kula da mu ta ja ni gefe ta ce ba ni da tausayi. Wallahi ba haka ba ne, ni dai ban san me nake ji ba, ko a gida aka tambaye ni sai in ce lafiya lau ko na gaji. In bar karatun ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƴata. Ba inda za ki. Mara tausayi ai ba ya zama ya rubuto min wasiƙa a kan tsohuwar da bai haɗa komai da ita ba.

Abin nan da kika kwatanta likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da saninsa, wani likita a Amurka mai suna Peter Sifneos ne ya sa masa suna aleksitimiya wajen 1973. Mutum yana ji, amma ya kasa tantance tsoro ne ko haushi ne ko baƙin ciki, balle ya faɗa, sai hankalinsa ya gudu kan abin da ido ke gani, kamar dai ke da ledar ruwan nan. Ba hauka ba ne, ba a ma jera shi cikin cututtuka, kuma bincike ya nuna kusan mutum 1 cikin 10 haka yake. Akwai gwaji mai tambaya 20 da masana a Kanada suka fitar a 1994, TAS-20, amma dan Allah kar ki je intanet ki cike ki yanke wa kanki hukunci, don mu ƴan zango tun muna yara ake ce mana yi shiru, yi haƙuri, babba ba ya kuka, toh wanda ya tashi a haka ta ina zai koyi faɗin abin da ke ransa? Ga kuma gajiyar dutin dare da tsayuwa, ita ma tana daskarar da mutum.

Ki fara daga jikinki, shi ba ya ƙarya. Lokacin da tsohuwar ta riƙe ki, me ya faru? Maƙogwaro ya shaƙe, ƙirji ya yi nauyi, tafin hannu ya jiƙe? In kin tashi aiki kina cikin trotro, wato motar haya, rubuta layi ɗaya a waya, kaza ya faru, jikina ya yi kaza, sai ki laƙa masa suna ko da ba ki tabbata ba. A hankali za ki ga kina ganewa tun kina bakin gadon.

Amma a wodi kar ki jira sai kin gane kanki sannan ki yi magana, mara lafiya ba zai jira ki ba. Ja kujera ki zauna, fuskarki daidai da tata, bar mata hannun. "Sannu Kaka, Allah ya ba da lafiya." Ki ɗan yi shiru, shirun wanda ya zauna daban yake da shirun wanda ke tsaye yana duba agogo. Sai tambaya ɗaya: "Kaka me ya fi damun ki a maganar nan?" Za ki sha mamaki, wani lokacin ba wuƙar ba ce, yadda za ta yi alwala da sallah ne, ko wa zai riƙe mata tukunyar koko da take sayarwa, ko kuɗin da katin inshora bai ɗauka ba. Wannan kuwa kin san inda za ki kai shi. Abin da na tsana shi ne "ba komai, daina kuka". Ƙafa za a cire, ya za a ce ba komai? Kuma kar ki yi alkawarin da ba a hannunki yake ba. In Asante ce kuma Twi ɗinki bai nuna ba, kira abokiyar aiki.

Ki tuna ko a jarabawar aikin hannu ta hukumar nas da ungozoma ana duba ko kin gaisa da mara lafiya kin yi masa bayani kafin ki taɓa shi, kin ga abin koyo ne, maki ma ake ba shi. Ita sista, maganarta ta yi kaushi, wasunsu ma tsawar da suke daka wa marasa lafiya sai addu'a, amma koma ki ce mata kina so ki riƙa tsayawa kusa in tana lallashin mara lafiya. Ba za ta ƙi ba.

In kuma abin ya haɗa da rashin barci, abinci ya fita ranki, komai ya daina yi miki daɗi har ya wuce sati 2, wannan wata magana ce daban, ki ga mai ba da shawara na makarantarku ko ki je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye.