Tambaya da Amsa: Ta Ina Mai Zane Ke Samo Hannunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin zane ne a Samaru. Ina iya kwafe hoto daga waya ya fito sak, amma malamina ya ce har yanzu ba ni da hannun kaina. Na fara cusa dagi da zankwaye a kowane aiki, ya ce kwalliya ce kawai. Mene ne ra'ayin mai zane, kuma ta ina ake samo shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗanmu. Malaminka gaskiya ya faɗa maka. Waya ta riga ta zaɓar maka haske da inuwa da inda za a yanke hoton, kai kuma sai bi. Ra'ayin mai zane yana fitowa ne a wurin zaɓi: me ya ɗauka, me ya bari, wane launi ya hana kansa.

Wannan muhawara a garin nan na Zariya aka yi ta. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun yarda a koyi dabarun Turawa, amma a haɗa su da abin gida har su narke. Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da bango na matan Ibo, ya koyi yadda layinsa ke tafiya, layin ya zama nasa. Kai kuwa ɗauko dagi ka yi ka manna a kusurwa.

Ga aiki na kwana 30. Ajiye waya, ka shiga cikin birni ta Ƙofar Doka da littafin zane da gawayi. Ka zauna gaban gida ɗaya mai zanen bango, ka zana shi da hantsi, ka sake da la'asar. Zanen magina tudu ne da kwari, saboda haka inuwa ce ke fito da shi, kuma tana juyawa da rana. Kada zane ɗaya ya wuce minti 10, domin gaggawa ke tilasta maka zubar da abin da ba shi da muhimmanci. Ka leƙa kuma bakan gizon da ke riƙe da rufin tsohon Masallacin Juma'a, ginin shahararren magini Babban Gwani, ka ga yadda layi ke ɗaukar nauyi. A ƙarshen wata ka baje takardun a tabarma. Abin da ka ga yana ta maimaituwa ba da niyyarka ba, shi za ka bi.

Launi kuma uku kacal: jan ƙasa, shuni, fari. Jan ƙasar ma haɗa abinka. Tankaɗe ta, dama da ruwa, bari tsakuwa ta kwanta, tsiyaye ruwan saman a wani kwano, ya kwana, ka shanya laushin. Jiƙa ƙaro awo 1 a ruwan ɗumi awo 2, ka tace, ka ɗiga zuma kaɗan, sannan ka kwaɓa laushin da shi. Idan ƙaro ya yi yawa zanen zai yi ƙyalli ya tsage, idan ya yi kaɗan zai goge a yatsa kamar gari.

Tambaya: Me ya sa fentin mai ke tsagewa a zanena, musamman da hunturu? Daga wata mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: 'Yar'uwa, yawanci shafin sama ne ke bushewa kafin na ƙasa. Ki fara da siririn shafi mai ƙarancin mai, ki riƙa ƙara mai a kowane shafi na gaba, ki bar kwana 3 ko fiye a tsakani. Kada ki shafa a kan ɗanyen yadi, sai kin yi masa farin share fage sau 2, don mai yana cin zare. Sanyin hunturu da bushewar iska suna sa yadi da katako motsi, don haka kada ki ajiye aikin a bakin taga.