Hawan keke a hanyoyin gonaki na ƙauyukan Ingila

Kana tambaya ko za ka iya hawan keke a hanyoyin da suka ratsa gonaki a ƙauyukan Cotswolds. Za ka iya, amma ba kowacce ba. Duba kibiyar da ke jikin turke ko ƙyaure. Shuɗiya hanyar dawaki ce, dokar 1968 ta yarje wa masu keke su bi, muddin za su kauce wa mahaya da masu tafiya a ƙasa. Rawaya kuwa ta masu ƙafa ce kaɗai.

Ka riƙe taswirar Ordnance Survey (hukumar zana taswira ta Birtaniya) mai ma'aunin 1:25,000, don ciyawa kan rufe turakun. In an yi ruwa, kofaton dawaki kan dama hanyar, taɓo ya cushe tsakanin taya da birki har keken ya ƙi gaba. Siririyar taya ba ta jure wannan, sai mai faɗi.