Gwanjon intanet: yadda ake taya kaya ba a yi cinikin asara ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da wayoyi da kwamfutoci a Gusau, na kuma fara taya kaya a shafin gwanjo na eBay, wani ɗan'uwa yana karɓar mini a Amurka. Sai in yi kwanaki ni ke kan gaba, a daƙiƙar ƙarshe wani ya ɗora dala biyu da rabi ya tafi da kayan. Ina dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba da dala biyu da rabi aka kayar da kai ba, abin da allo ya nuna maka ke nan. A eBay mutum yana rubuta iyakar abin da zai iya biya ne a ɓoye, na'ura kuma ta riƙa taya masa kaɗan-kaɗan, daidai abin da zai sa ya wuce na bayansa. Matakin ƙarin a ƙayyade yake: dala 1 idan farashi yana tsakanin 25 da 99.99, dala 2.50 tsakanin 100 da 249.99, dala 5 daga 250 zuwa 499.99. A ce kai ka rubuta 200, shi ya rubuta 260. Zai ci a kan 202.50, kai kuma ka kwana da takaicin cewa kaɗan ya rage, alhali ko 250 ka sa ba za ka samu ba.

Tayin farko-farko ba ya amfana maka komai. Yana sanar da 'yan kasuwa cewa akwai mai so, yana kuma ba mai taurin kai kwanaki yana ƙara biyar-biyar har ya gano iyakarka. Tunda gwanjon eBay yawanci yana rufewa ne a kan lokaci tsayayye, ba a ƙara ko daƙiƙa ɗaya, sai ka sa kayan a jerin waɗanda kake sa wa ido, ka yi shiru, ka jefa tayi ɗaya tal na cikakkiyar iyakarka saura daƙiƙa 8 zuwa 10. Waɗanda intanet ɗinsu ke da ƙarfi suna jira har saura 3. Mu ba mu ba ka wannan shawarar ba, ka san halin sabis a nan. Daƙiƙa 15 ta fi maka kwanciyar hankali, kuma ka shiga asusunka tun da wuri don kada a tsaya tambayarka kalmar sirri.

Kada ka rubuta lamba mai cika kamar 230, domin a nan mutane suka fi tsayawa. Rubuta 231.57. Idan iyakar abokin takara 230 ce, ka ci da wannan 'yar ɗoriyar, in kuma tayi biyu suka zo daidai, wanda ya riga sawa ake ba. Iyakar kuwa ba a kanka za ka ƙirƙiro ta ba. Ka tace bincike ya nuna maka irin wayar da aka riga aka sayar a watannin baya, ka duba goma, ka ɗauki farashin tsakiya, ka cire kuɗin aike da abin da mai kawo kaya zai caje ka.

Tambaya: Ranku ya daɗe, ni dillalin motoci ne a Birnin Kebbi. Na ci wata mota a Copart, kamfanin gwanjon motoci na Amurka, da arha, amma da ta iso na lissafa sai na ga da a Legas na saye ta da na fi samun sauƙi. A ina aka yi kuskure?

Amsa: Alhaji, an fara lissafi ne daga inda ya kamata a ƙare. Daga farashin Birnin Kebbi ake farawa, a yi ta cirewa ana komawa baya. Ga misali, lambobin namu ne, ka sa naka na ranar. A ce irin motar tana tashi naira miliyan 14 a wurinka. Cire ribarka miliyan 1, gyara da fenti miliyan 2, kwastan da kiliya miliyan 4, dako daga Legas zuwa Kebbi rabin miliyan, jan motar daga filin gwanjo zuwa tashar ruwa da kuɗin jirgi miliyan 2 da rabi. Saura miliyan 4. Wannan ma ba duka za ka taya ba, domin a cikinta za a fitar da la'adar kamfanin gwanjo, kuɗin fitar da mota daga ƙofa, kuɗin taya ta intanet da ladan dillalin da ka yi amfani da lasisinsa. Idan mota mai arha ce, waɗannan kuɗaɗen sun fi cin kaso mai tsoka. Ka kuma bar wani abu saboda dala, tunda tsakanin ranar tayi da ranar fitar da mota daga tasha makonni ne. Abin da ya rage ka rubuta shi a takarda ka ajiye kusa da kwamfuta kafin a buɗe gwanjo.

Dabarar daƙiƙar ƙarshe ba ta aiki a Copart ko takwaransa IAA. Duk wanda ya ƙara tayi, agogo yana komawa baya ya sake ƙirga, sai an rasa mai ƙari ake rufewa. A nan ne zuciya ke cin mutane: ana ganin tayi daga ƙasa kaza, sai a ce wallahi ba za a ƙwace mini ba. Wasu injiniyoyin man fetur a Amurka sun bayyana wannan tun 1971 a kan gwanjon filayen haƙar mai: idan mutane da yawa suna kintacen darajar abu ɗaya, wanda ya ci yawanci shi ne wanda kintacensa ya fi zarcewa. Mota da ta daɗe ana kokawa a kanta, a bar wa mai rabo. Ana gwanjo kowane mako.

Kafin tayi, ɗauki lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17, ka sayi tarihinta a Carfax ko makamancinsa. Ka guji wadda ambaliya ta ci, domin wayoyin lantarkinta za su yi ta ba da matsala ɗaya bayan ɗaya. Alamar cewa mota ta tashi ta motsa tana nufin ta yi hakan ne lokacin da aka kawo ta fili, ba lamuni ba ne a kan inji ko giya. Duba mazaunin filin ma: mota a jihar da ke nesa da teku, kuɗin janta kaɗai ya isa ya cinye arhar. In ka ci, ka biya ka ɗauke da wuri, don bayan 'yan kwanaki kuɗin ajiya ke fara hawa kullum, wanda ya fasa biya kuma akwai tara a kansa.

Tambaya: Ina sayen atamfa da leshi a gwanjon da wasu mata ke yi a WhatsApp. Na lura wata lamba kullum tana ƙara kuɗi amma ba ta taɓa saye ba. Daga Argungu.

Amsa: Hajiya, kin gano abin da kanki. Shi malamai ke kira najashi, wato mutum ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba, sai don ya ingiza wani, kuma hani a kansa ya tabbata a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Umar. Gwanjon kansa halal ne. Alamun sukan zama uku: lambar tana bayyana a kayan mai sayarwa ɗaya kawai, tana ƙari da zarar kin yi, sannan in ta ci sai a biyo ki ta bayan fage a ce "waccan ta fasa, ki karɓa a kan tayinki na ƙarshe". Kada ki karɓa a haka. Ki ce sai dai a koma farashin da ake kai kafin lambar ta shigo. In an ƙi, ki fita daga zauren.

Tambaya: An turo mini hotunan Hilux a Facebook wai gwanjon kwastan ne, in tura kuɗin fom naira dubu hamsin. Gaskiya ne? Daga Talata Mafara.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka, 'yan damfara ne. Hukumar Kwastan ta buɗe gwanjonta na intanet a 2017, ta sake buɗe sabonsa a farkon 2024, kuma a shafinta na hukuma kaɗai ake yi. Ana rajista da lambar biyan haraji ta TIN da adireshin imel, kuɗin shiga takara ana cire shi ne daga asusun da ka buɗe a shafin, ba a tura wa wani jami'i ta asusun kansa. Wanda ya ci zai biya harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan tayinsa, don haka a sa shi cikin lissafi tun farko, tare da kuɗin dako daga inda motar take ajiye. Ka karanta wa'adin biya da na ɗauke kaya da aka rubuta kafin ka taya, domin gajere ne, wanda ya saɓa kuma yana iya rasa kayan.