Tsohon tulun kaka da furannin falo

Hajiya, kin tambaya ko za ki iya zuba ruwa ki sa ɗanyen fure a tsohon tulu mai ƙyalli da kika gada wajen kakarki, tunda ƙurar hunturu ta wuce kina son gyara falo. E, za ki iya, in dai irin yumɓun nan ne da aka gasa da wuta mai zafin kusan digiri 1,250, don shi ba ya tsatsafar da ruwa kamar randa. Ki ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa: in ya yi ƙara kamar ƙararrawa, lafiya lau, in kuwa ya yi dum, akwai tsaga a ɓoye.

Amma kafin nan ki juya gindinsa ki duba hatimi. In kin ga an rubuta Abuja da haruffan Larabci, daga makarantar tukwane ta Michael Cardew, wani Baturen Ingila maginin tukwane, ya fito, a garin da yanzu ake kira Suleja. In har da LK a gefe, to hannun Ladi Kwali ne, shahararriyar mai ginin tukwane wadda hotonta ke bayan naira 20, kuma irin wannan, saboda darajarsa, ba na zuba wa ruwa ba ne. Ni nawa ma ba shi da wani hatimi, amma sai da ya yi yoyo ya ɓata min tebur a nan Unguwar Rimi. Tun daga ranar, gorar roba nake yankewa in zura a ciki, ita ke riƙe ruwan. Kuma ki nisanta shi da inda yara ke guje-guje.