Ga 'yar uwar da ke son kai yaranta Kano ganin gida

Assalamu alaikum. 'Yar uwa wallahi tun da safe na karanta tambayarki na kasa wucewa, na ajiye wayar na shiga kicin na sake dawowa na karanta. Kin ce shekara 11 kina aure a Fatakwal, kewar Kano ta hana ki sukuni, kina so ki kai yara hutun Sallah su ga garinku amma zuwanki na ƙarshe ji kika yi kamar baƙuwa, shine kike tambayar ina da ina za ki kai su, kuma wai ko ke kaɗai ce kike jin haka. Ba ke kaɗai bace wallahi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ni a Legas nake, Agege, kuma abin da kike tsoro ni ya riga ya same ni, shi yasa zan yi tsawo ki yi haƙuri da ni.

Ni 'yar gindin Dala ce, a nan aka yanke min cibiya, gidan kakanmu ne irin na da, ginin ƙasa mai zaure biyu da soron azara, ga rijiya a tsakar gida ga bishiyar dabino guda ɗaya da kakarmu take cewa da hannunta ta shuka ta shekarar da aka kawo ta gidan. In kin fito ƙofar gida kika ɗaga kai dutsen za ki gani. Ranar Takutaha kuwa, bikin nan da ake hawa Dala mako guda bayan Mauludi, ko karin kumallo ba ma tsayawa yi, a yi mana kwalliya mu bi bayan yayyenmu mu hau har sama, daga can ki hango Goron Dutse, ki hango koriyar ƙubbar masallacin Juma'a na cikin gari da hasumiyoyinsa, mu yi ta musu kowa na nuna rufin gidansu. Ni da dabinon nan nake gane namu. Da labarin nan na cika wa yarana kunne, har ƙaramar in an ce su zana gida a makaranta sai ta zana dutse da dabino alhali bata taɓa gani ba.

Innarmu ta daɗe da rasuwa, Babanmu kuma ya bi ta a 2014, 'yan watanni bayan rasuwar Sarki Ado. A wurin zaman makokin, a cikin zauren nan, ƙanin Babanmu ya dafa ƙirji a gaban mutane yace gidan nan ba mai taɓa shi muddin yana numfashi, gidan ubansa ne, duk 'yar da ta zo ganin gida nan za ta sauka. Har kuka na yi don daɗi. Na koma Legas, daga nan sai yau sai gobe, kuɗin makaranta, kasuwar maigida ta yi ƙasa, ga haihuwa, ga korona ta zo ta rufe hanya, kafin in ankara shekara 7 ban taka Kano ba. A tsakanin nan wata rana na ga alat ya shigo min, na kira baffan yace rabona ne na gado an sayar da gona. Gona yace min 'yar uwa, da bakinsa, na yi godiya har da addu'a.

Da Allah ya yi muka zo, gidan yayana muka sauka a Rijiyar Zaki da daddare. Washegari ban gaya wa kowa ba na shirya yaran su uku na tare a daidaita sahu nace Dala, so nake in ba su mamaki. Sau uku muna zaga layin. Mai adaidaitan har ya juyo yace Hajiya ko ke baƙuwa ce a kira wanda ya san wurin, maganar nan har yau tana min zafi a ƙirji, ni za a ce wa baƙuwa a layin da na yi tallan gyaɗa, a layin da aka ɗauko ni amarya. Na sauka da ƙafa na ƙirga daga masallacin unguwa, gida na ɗaya, na biyu, na uku, inda ya kamata in ga dakalinmu sai ga bene mai hawa biyu, shaguna a jere, wani na sayar da caja da kwandon waya, wani ya kunna janareto yana ta ƙara. Ba zaure, ba dabino, ko kututturensa babu, an shafe komai da siminti. Na tsaya kamar an dasa ni, jakata ta faɗi ban ma sani ba, ƙaramar tana jan mayafina tana cewa Mama ina dabinon, Mama ina dabinon, babban kuma ya kawar da kai don ya gane. Yaron shagon cajan yana tambayata me za a ba ni. Daidai inda yake zaune a kan kujerar roba nan ne ɗakin Innarmu, nan aka yi mata wanka aka fitar da ita. A bakin kwata na durƙusa na yi kukan da ko ranar mutuwar Babanmu ban yi irinsa ba, mutane na wucewa suna kallo, ni ko a jikina.

Da na je wa baffan da yamma ko kunya bai ji ba, yana kishingiɗe yana cin goro yace to ke da kike Legas me za ki yi da kangon ƙasa, kowa ya bar gida gida ya bar shi, ai kin ci kuɗinki. Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba wallahi, na san gidan gado ne magada da yawa, wasu na cikin matsi, in an sayar ba haram aka yi ba. Ƙaryar ce ta ƙona min rai. Me zai hana a ɗaga waya a ce wance za a sayar da gida ki zo ki yi sallama da shi? Da ko bashi ne na ci na zo, na ɗauki hoto, na ɗebo ko tasa ɗaya daga jeren Innarmu, da allon da na yi karatu da shi da ke rataye a zaure. Duk an watsar, wai almajirai aka bar wa. Dillali ya san ranar ciniki, mai unguwa ya sani, maƙwabta sun sani, ni 'yar gidan ce kaɗai aka mayar bare saboda ni mace ce kuma ina nesa. Yayana ma ya sani ya ɓoye min, shi na yafe masa don yace tsoron hawan jinina ya ji, amma baffan nan har yau in na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai bakina ya yi nauyi, Allah ya yafe min, ina ƙoƙari.

Wadda ta ɗaga ni daga bakin kwatar nan wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu mai waina, idonta ma ya yi rauni amma da muryar kukana ta gane ni, ta kira ni da sunan da kakata kaɗai ke kira na da shi. Ta ja mu ɗakinta ta shimfiɗa tabarma ta sa aka kawo wa yaran gurasa bandashe, ta zauna tana ba su labarin ƙiriniyata har suka saki jiki suna dariya. Bara ta rasu, Allah ya jiƙanta. Shi yasa nace miki kafin ki yi lissafin wuraren yawo fara yin lissafin tsofaffin layinku da suka rage, ki kai musu yaran su dafa kansu, ki tafi da ɗan sabulu da turmin atamfa in da hali, ki kunna rikodin a waya in suna magana. Kuma don Allah tun kafin ki taso ki sa wani ya je ya ɗauko miki bidiyon layinku yadda yake yau, ki yi kukanki ke kaɗai a ɗaki, kar ki yi shi a gaban yara a titi kamar ni.

Wuraren kuwa, Dala da sassafe za ku je kafin rana ta yi zafi, akwai matakala, ki riƙe ƙananan da kyau don sama ba ko'ina ke da kariya ba, ki ba su labarin Barbushe da Tsumburbura a hanya. Gidan Makama kar ki tsallake shi, yana nan kusa da gidan Sarki, ginin tun zamanin Muhammadu Rumfa ne wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan Kano ta da, nawa yaran a nan suka fi daɗewa, babban ya ƙi fitowa. Daga nan Kurmi ba nisa, ita ma kasuwar tun zamanin Rumfa take, amma lungunanta matsattsu ne ki riƙe hannunsu, ki kai su wajen dukawa da 'yan ƙwarya su zaɓi abu da kansu ko ɗan ƙaramin jaka ne. Marinar Ƙofar Mata ma ki je, a jikin ƙofar an rubuta 1498, amma ki shirya zuciyarki don ramuka da yawa sun mutu, kaɗan ne ake rini a cikinsu, duk da haka in suka ga yadda ake tsoma farin yadi a ruwan baba ya fito kore-kore iska ta buge shi ya koma shuɗi ba za su manta ba.

Badala ce ta fi ba ni tausayi bayan gidanmu. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, muna yara mu hau kanta mu yi ta gudu, yanzu wani wurin an yanke an yi gini wani wurin ruwa ya cinye. In kin bi titin BUK daga Ɗan Agundi zuwa Gadon Ƙaya har Kabuga za ki nuna musu abin da ya saura. Ƙofar Na'isa da kika sani ta ƙasa ba ita bace yanzu, an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi aka sake ginawa. Kududdufan da muke kwatance da su an cike da yawa, Ƙofar Nassarawa ga gadar sama, ɗan acaɓa ma babu tun 2013, shi yasa kike ɓata a garinku, ba laifinki bane, alamomin ne aka kwashe.

Gidan Zoo kar ki kai su ranar Sallah ko washegari, cunkoson ya yi yawa yaro zai iya ɓace miki, bari sai an kwana huɗu ko biyar. Hawa kuma kar ki yi musu alkawarin Hawan Daushe ko na Nassarawa sai kin tambaya, shekarun nan an sha dakatar da shi saboda rikicin sarauta, yaro kuwa in kin ce zai ga dawaki bai gani ba ya dinga tuna miki kenan.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, ki dage da yi musu Hausa tun yanzu a gida. Nawa da suka zo 'yan uwansu suna ta tsokanarsu wai 'yan Legas, ta tsakiyar har ta daina magana kwana biyu, abin ya taɓa ni sosai. Ki koya musu gaisuwa, durƙusawa, ina kwana ina gajiya, ko ita kaɗai suka iya tsofaffi za su rungume su. Sannan in gidanku na gado ne kuma yana nan tsaye, ki zauna da mazan gidan ki ce musu ƙiri-ƙiri duk ranar da za a yi maganar sayarwa a kira ki, ki faɗa a gaban shaidu, kar ki yarda da dafa ƙirjin kowa. Ki ɗauki hoton kowane ɗaki har bayan gida da murhu.

Ki je 'yar uwa, kar ki ce sai kuɗi sun taru, haka na yi ta cewa. In Allah ya kai ki kuka hau Dala don Allah ki ɗauko min hoto ta ɓangaren da ke kallon Goron Dutse ki turo min, ta nan gidanmu yake. Ni a wancan zuwan na kasa hawa, a gindin matakalar na zauna yayana ya hau da su.