Jarumar labarina za ta iya tarar Nasara a Ƙofar Doka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina rubuta ƙagaggen labari kan matan Zazzau lokacin da Turawa suka ci ƙasar Hausa. Jarumata budurwa ce da ta sa kayan maza, ta hau doki, ta tari sojojin Nasara a Ƙofar Doka. Yayana ya karanta, ya ce ƙaryar ta yi yawa. To ba ƙagaggen labari ba ne? Ina iyakar abin da zan iya ƙirƙira? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Yayanki yana da gaskiya, amma kada ki yaga takardunki tukuna. Kina da ikon ƙirƙirar mutum, da gidansu, da abin da ke ranta. Abin da ba ki da iko a kai shi ne yaƙin da ba a yi ba, a ƙofar da kowane Bazazzagi ya sani.

Ba a yi wa Turawa fito-na-fito a ganuwar Zazzau ba. A 1902 Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya addabi yammacin ƙasar da hare-haren kama bayi, Sarkin Zazzau Kwasau kuma ya nemi agajin sojojin Gwamna Lugga. Sun zo, sun kawar da barazanar, sai suka ƙi tafiya. Aka girke sojoji, aka zaunar da Kyaftin Abadie a matsayin Razdan. Ba a jima ba suka ɗauke Kwasau daga garin, a 1903 suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi, wanda shi ma daga baya suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja. Daga nan Zariya ne Kanar Morland ya tashi a ƙarshen Janairun 1903 da sojoji ɗari bakwai da ɗoriya, ya fasa Bebeji, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. In dai ƙarar igwa kike so a labarinki, to ki kai jarumarki Kano, ko Sakkwato a watan Maris, ko ta bi ayarin Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi.

Ni dai da ni ce, a Zazzau zan bar ta. Baƙon da aka yi wa shimfiɗa ya wayi gari shi ne mai gida, wannan ya fi kowane yaƙi daɗin rubutu. Ki kuma tuna cewa Turawan kansu 'yan kaɗan ne. Yawancin masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne, da yawansu Hausawa. Sojan da zai tsaya a zauren gidansu yana neman hatsi, ko yana neman ƙaninta ya ɗauki kaya zuwa Kano, da Hausa zai yi mata magana. Wataƙila ma ɗan baiwar da aka taɓa sayarwa ne a kasuwar garin.

Ga inda marubuta ke yawan tuntuɓe. Sai su ce "matan Zazzau" kamar tukunya ɗaya aka dafa su. Matar basarake da ke kulle a Kwarbai, da ƙwarƙwarar da ke ɗakin kusa da nata, da baiwar da ke noma a rinji, da tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa, ba abu ɗaya zuwan Nasara ya zame musu ba. Ta farko tana ganin mijinta ya rasa bayi da ganimar yaƙi, gidan da ake ciyar da mutane da yawa ya fara ƙirga mudu. Ta uku kuwa ta ji ana raɗe-raɗin cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ba bawa ba, an kuma hana cinikin mutane. Sai dai dokar ba ta ce ta tashi ta tafi ba. Lugga yana tsoron gonaki su mutu, don haka aka bi ta hanyar murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa don ya yi aikin kansa, da fansa a gaban alƙali. Wasu suka gudu cikin dare, wasu suka fanshi kansu, da yawa kuma wani namiji ne ya biya kuɗin ya aure su, ko ya ajiye su a ɗaki. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Kin ga kenan turjiyar wata macen ba da Bature take ba, da uwargijiyarta take. Labarin da ya haɗa waɗannan mata biyu a tsakar gida ɗaya, kowacce da gaskiyarta, ba ya buƙatar takobi.

Ki nuna mana yadda baiwar take tara kuɗin fansar. Bayan sallar isha, aikin gida ya ƙare, ta jawo fitilar aci-bal-bal. Audugar da ta gurza da rana ta shiɓe ta, yanzu sai kaɗi: ta dangwali alli a yatsa, ta murza mazari, zare na tahowa siriri. Ranar kasuwa yarinya ta kai wa masaƙa, ta dawo da wuri a ƙulle. Ta ƙirga biyar-biyar, ta zuba a tukunyar da ta binne ƙarƙashin gado, ta shafe ƙasar da tafin hannu don kada sabon tono ya nuna. Sai ga Nasara ya fara kawo kuɗin ƙarfe, darajar wurin da ta yi shekaru tana tarawa ta soma zubewa. Me za ta yi? Babinki na gaba kenan.

Wurin ma yana tuna mini da ƙananan abubuwan da ke tona asirin marubuci. A 1902 babu Sabon Gari, babu Tudun Wadar da kike zaune, jirgin ƙasa sai wajen 1911 ya iso. Ba shayi da burodi, ba dunƙulen miya, daddawa ce da kuka. Wuta a maƙwabta ake ɗebowa ko a yi ƙyastu. Ba wanda zai ce "ƙarfe huɗu", sai dai la'asar sakaliya. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarim kuwa yana nan tun kafin a haifi jarumarki, ki yi amfani da shi. In kina son mace mai shiga ko'ina ba tare da an tambaye ta ba, ba sai kin sa wa budurwa rawani ba, ga jakadiya nan, tana kai saƙo tsakanin cikin gida da fada, tana jin abin da fadawa ba su ji.

Kafin ki ci gaba, ki nemi littafin Baba of Karo. Baba tsohuwa ce da ta ga harin bayi da zuwan Turawa da idonta, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa a nan ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Ki leƙa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, akwai rahotannin lardin Zariya, amma ki karanta su da sanin cewa mai nasara ne ya rubuta. Sannan ki sayi goro ki je wurin tsofaffin cikin gari. Kada ki ce su ba ki tarihin zuwan Turawa, sarakuna za su lissafo miki. Ki tambaye su daga ina kakar kakarsu ta zo, wane tsage ne a fuskarta, da wane yare take ƙunƙuni in ranta ya ɓaci.